Ranar da Na Hana Maigida Rabe Uwar Wasan Burtali

Duk daɗewar da na yi a sana'ar turi, akwai ranar kasuwa guda da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da Maigida Rabe, mutumin da ya koya mini riƙe ordinatar, wato kwamfuta, ya miƙo mini memuwarsa na mayar masa da ita babu komai a ciki. Ku da kuka shigo layin nan daga baya kun tarar da dokar da ta ce ba a taɓa kayan ɗan gida, kuna tsammanin da ita aka kafa layin. Ba da ita aka kafa shi ba. Ku gyara zama ku ji inda ta fito, don in an tambaye ku gobe kada ku tsaya kame-kame.

Ga wanda bai san aikinmu ba, a baki mai sauƙi ne. Mutum ya zo da salularsa ko da memuwar, wato ɗan katin nan da ake sakawa cikin waya, ya ce a zuba masa waƙoƙi, ko wa'azi, ko fim, ko wasa. Mu tura masa daga ordinatar, ya biya, ya kama gabansa. A layinmu na bakin tasha a nan Dakoro, mu kashi biyu ne. Akwai masu shago, akwai 'yan tebur, waɗanda ke ɗaure ordinatar da batir a bayan babur su bi kasuwannin mako, yau Kornaka, gobe Mai Yara, jibi Birnin Lalle. A saman kowa akwai shugaban layi, wanda muke kira perezida. Ba albashi, ba kujera, sai rabon faɗa da zuwa meri, wato ofishin magajin gari, in an kira mu kan maganar haraji. A lokacin da nake ba ku labari ni ne perezidan, kuma ban nema ba, daɗewa a layi ce ta ja mini.

Al'adu biyu muka gada daga Maigida Rabe, shi da ya fara kafa tebur a nan tun zamanin kaset, kafin ya koma Kornaka ya buɗe babban shago. Ta farko ita ce gyara. Yadda mai awon gero ke ƙara maka ɗan abin da hannunsa ya ɗebo bayan an gama awo, haka mu ma in mutum ya biya waƙoƙi sai a ɗora masa wani abu kyauta, ɗan wasa ko ɗan barkwanci. Ta biyu ita ce mai nauyi: ba a hana abokin sana'a kopi. Duk wanda sabon abu ya faɗo hannunsa, to na layi ne gaba ɗaya. Kada ku raina wannan al'ada. Intanet tsada, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, yau akwai gobe babu, don haka mutum ɗaya zai sauko da abu a Maradi kowa ya ci abinci da shi. Shekarar da ordinatata ta mutu da duk abin da na tara a ciki, kafin rana ta faɗi 'yan layi sun cika mini sabuwa, ba wanda ya ce in ba shi ko kuɗin shayi.

Maganar satar fasaha kuwa, muna jin ta a rediyo muna ci gaba da shan shayinmu. Wasannin ƙwallo da na tseren mota da muke turawa, ban taɓa ganin mai su ba, ban san ko baƙi ne ko fari ba. Ba na ce muku halal ba ne, wannan ku tambayi malamai. Abin da muke gaya wa kanmu shi ne, ko mun kwafa ko mun bari, waɗannan kamfanoni ba su san da wani gari Dakoro ba balle su ƙara kuɗi ko su rage saboda mu, kuma ba mai sayen abin nan a farashinsu a nan ko da an yi shekarar albarka. A kan haka muke zaune lafiya lau, har ranar da mai wasa ya shigo layin da ƙafafunsa.

Sunansa Agali. Ɗan wasu Buzaye ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye kusa da Birnin Lalle, suna noma suna kiwo. Ya yi karatun ordinatar a Maradi, ya dawo gida ba aiki. Dogo ne, siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji shi. Saniyar da kakansa ya ba shi tun yana ƙarami ita ya sayar ya sayi ordinatar aiki, abin da ubansa bai gama haɗiyewa ba har lokacin. Da ita ya zauna ya ƙera wasan salula ya sa masa suna Burtali.

Wanda bai buga kashi na farko ba, ga yadda yake. Kai ne makiyayi, kana kora garke zuwa arewa a farkon damina ta cikin burtali, hanyar nan da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki. Gero dama, gero hagu. Saniya ta sa baki a gona, mai gona ya fito yana zazzaga maka faɗa, ka biya ɓarna. Muryar mai gonar ta wani tsoho ce da Agali ya ɗauka a Mai Yara, kuma duk wanda ya ji ta sai ya rantse kawunsa ne. A cikin garken akwai wata jar saniya mai taurin kai wadda ba ta ga ganye ta wuce, ita ce ta fi shan zagi a duk faɗin ƙasar Dakoro a waccan shekarar. Manoma suka zama makiyaya a waya suna gumi, makiyaya suna kallonsu suna dariya. Ni da ban damu da wasa ba, sai da matata ta ƙwace salular daga hannuna a kan tabarmar cin tuwo.

Agali ya bi layi shago-shago, tebur-tebur, ya ba kowa uwar wasan, wato ainihin abin da ake zubawa a waya har wasan ya tashi. Farashin da ya sa bai wuce na kwanon shinkafa da wake a tasha ba. Ya ce duk wanda ya sayar ya cire ladansa ya aje masa saura. Muka sa masa albarka, ya koma ƙauye ya kama aikin kashi na biyu.

Sai Lawali ya yi abin da Lawali ya saba yi. Kun san shi, ɗan tebur ne, zuciya fari ƙal, baki kuma ba birki. Daɗin wasan ya kama shi, alfaharin cewa ɗan ƙasarmu ne ya yi shi ya cika shi, sai ya fara ɗora wa mutane Burtali a gyara. Wanda ya sayi waƙoƙi a Kornaka, ga Burtali. Wanda ya sayi wa'azi a Mai Yara, ga Burtali, ya kai wa iyali. Sauran 'yan tebur suka ga jama'a sun yi wa teburin Lawali cincirindo, su ma suka bi. Abokan sana'a na wasu garuruwa suka roƙi uwar, aka ba su, tunda ba a hanawa. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Mu masu shago da ke sayarwa muka ga ciniki ya tsaya cak, don ba mai biyan kuɗin abin da maƙwabcinsa ya samu a gyara.

Bayan girbi Agali ya dawo. Ya zauna a bencin shagona, ya ƙi shayi, ya ce a hanyarsa ya tsaya a wata rijiya ya tarar da masu jiran layin ban ruwa sun haɗa kai a kan waya suna zagin jar saniya. Ya ji daɗi har ƙwalla ta zo masa. Ya tambaye su inda suka saya, suka ce ai ba a sayen wannan, kyauta ake ba da shi. Na ɗauko abin da ya taru masa a wurina da wurin sauran masu shago na ba shi. Bai ƙirga ba, ido kawai ya isa ya gaya masa ko igiyar saniyarsa bai mayar ba.

Ana cikin haka Lawali ya faɗo shagon, ya rungume shi yana murna.

"Injiniya, ka gode mamu," in ji shi. "Babu kasuwar da ban kai sunanka ba. Har Fulanin da ba su jin Hausa sun san Burtali. Talla munka yi maka wadda ko rediyo ba ta iya yi."

Agali ya dube shi ya ce, "Na gode, Lawali. To wa ya rage da za ya saya?"

Lawali ya sake shi ya zauna a bakin benci. 

Daga nan Agali ya gaya mana abin da ya kawo shi. Ya gama kashi na biyu, na dawowar garke da rani, da rijiya mai zurfi da jan guga da jakuna. Amma wani abokin karatunsa da ke Yamai ya ba shi shawara ya sa masa makulli, ta yadda wasan ba zai tashi ba sai waya ta shiga intanet an tabbatar an biya. Makullin da kansa kuɗi yake ci duk wata. Kuma da zarar an ce sai da intanet, mutanen rijiya da na gona sun fita, sai 'yan birni. Su kuwa ba su da yawa, don haka dole farashin ya ninka ya sake ninkawa kafin aikin ya ciyar da shi.

Na ce masa, "Agali, in ka yi haka, waɗanda ka yi wasan dominsu ba su taɓa ganin shi. Tsohon da ka ɗauki muryatai ma ba ya jin kanshi."

Ya ce, "Na sani, Yaya Isufu. Amma in mutum ɗari sunka buga, guda ya biya, to gudan nan shi ka ɗaukar kuɗɗin ɗarin. Ni ban iya sa araha sai in masu biya suna da yawa. Ba ni na tada farashi ba, gyara ta tada shi."

Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Shekara da shekaru ina jin masu rediyo suna faɗin irinta da manyan kalmomi, ba ta taɓa shiga kunnena ba sai da na ji ta daga bakin wanda na san uwarsa da ubansa.

Na tara layi a bayan shagona bayan la'asar, masu shago da 'yan tebur. Aka yi ta cacar baki. Wani ya ce ko mun riƙe, masu waya za su tura wa junansu. Agali ya ce gaskiya ne, akwai masu wayon da za su iya, amma yawancin mutanen ƙauye ba su san yadda ake tayar da wasa a waya ba sai sun zo hannunmu, don haka babbar ƙofar mu ce. Ya nuna mana yadda za a zuba wa mutum wasan ya tashi, sannan a goge uwar daga wayarsa kafin a miƙa masa. A ƙarshe muka tsaya a kan abu biyu: ba a ba da kashi na biyu a gyara, kuma uwarsa ba ta fita daga layin Dakoro zuwa hannun kowa, ko wane ne. Wanda ya karya, layi ya daina ba shi kopin komai.

Agali yana wasa da bakin rawaninsa ya ce zai bar shi ba makulli, a tsohon farashi, amma a kan maganata ni kaɗai, don ni ya sani. Ya ce in wannan ma ya zube, zai sayar da ordinatar ya bi 'yan'uwansa arewa wajen haƙar zinariya, don ba zai sake kallon idon ubansa da hannu wofi ba. Ba barazana yake yi ba, faɗa kawai yake yi yadda mutum zai ce gobe zai je gona. Na ba shi hannu na ce ya bar shi a wuyana.

Wasan ya fita, ciniki ya buɗe. Mutane suka yi ta mita, wai abin da aka saba ba su kyauta yau an ce sai kuɗi, amma suna mitar suna laluben aljihu. Na fara sakin jiki. Ban kawo Maigida Rabe a lissafina ba ko kaɗan, kuma da na zauna na yi tunani da na san zai zo.

Ranar kasuwar Dakoro ce, da hantsi, layi cike. Na ga babur ya tsaya, Maigida Rabe ya sauko da farar rigarsa da carbinsa. Na tashi da sauri na karɓi jakarsa, na share masa kujerata, na aika a kawo masa hura mai sanyi. Mutumin nan shi ya ɗauke ni ba ni da ko takalmin kirki, ya zaunar da ni gaban ordinatar, ya jure ɓarnar da na yi masa ina koyo. Ranar aurena shi ya tsaya mini a matsayin uba. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sha hurarsa. Sannan ya zaro memuwar daga aljihun gaba ya aje a kan tebur, yadda ya saba yi tun ina yaronsa.

"Isufu, zuba mani uwar sabon wasan shanun nan. Mutanen Kornaka sun hana ni sakat."

Wallahi sai da hannuna ya tafi wajen memuwar da kansa. Na ɗauke ta, na riƙe. Sannan na durƙusa a gefen kujerar, don ba zan iya faɗin abin da zan faɗa a tsaye ba.

Na ce, "Maigida, duk abin da ke cikin ordinatar ga naka ne, ka ɗauka har da ita kanta. Amma wanga guda ba nawa ba ne. Amana ce anka ba ni."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. "Ni kaka hana ma kopi?"

Na ba shi labarin Agali tun daga saniyar har zuwa makullin. Na ce in yana so in zuba masa wasan a wayarsa ya buga, ni zan biya daga aljihuna. In kuma sayarwa yake so ya yi a Kornaka, in kira Agali su daidaita baki da baki, ya ba shi da hannunsa.

"Ban zo roƙo ba," in ji shi, "kuma ban zo neman izinin ɗan da anka haifa ina sana'a ba. Al'adar ga ni na kafa ta. Da ita ka ci, da ita ka yi aure. Ran da injinka ya mutu, wa ya ce maka amana ce?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Haka ne, Maigida. Amma waɗancan ba mu san masu su ba. Wanga in ya zube, a gabanmu za ya ɗauki jaka ya tahi." Na miƙa masa memuwarsa da hannu biyu.

Ya karɓa, ya tashi, ya bar sauran hurar. Bai hau babur ba. Ya taka zuwa shagon da ke kusa da nawa, na Usaini, ya aje memuwar a kan teburinsa. Kusan duk wanda ke layin ko yaronsa ne ko yaron yaronsa ne, kuma ni kaɗai na ba Agali hannu. Na tsaya a ƙofar shago ina kallo, ba halin in yi wa kowa ko ƙyafta ido. Na ga Usaini ya cire hula, ya sunkuyar da kai, yana magana yana murza hannu. Maigida ya ɗauki memuwarsa ya yi gaba. Haka ya bi layin, shago bayan shago. Wani ya ba shi kujera, wani ya ba shi goro, wani ya raka shi har ƙofar na gaba, amma ba wanda ya sa memuwar nan a ordinatar. Masu sayayya suka lura, suka tsaya kallo.

Teburin ƙarshe na Lawali ne, kuma shi na fi tsoro. Lawali bai iya cewa a'a ba ko ga ɗan akuya, ga shi duk mako a inuwar shagon Maigida yake kafa teburinsa a Kornaka, da wutar lantarkinsa yake cajin batir. Na matsa kusa don in ji. Maigida ya aje memuwar a kan teburin. Lawali ya dube ta, ya dube ni, ya share fuska da hannun riga.

"Baba," in ji shi, "ni na kashe ma yaron ga kashi na farko da hannuna, ina tsammanin alheri nika yi. Kullum na tuna sai abinci ya hita raina. In ka ce in bar inuwar shagonka, na bari, in koma rana. Amma wanga ban ba ka shi."

Maigida Rabe ya ɗauki memuwarsa ya mayar aljihu. Ya dawo ta gaban shagona bai dube ni ba, ya hau babur ya tafi. Na koma ciki na zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san na yi wa uba abin da ba a yi wa uba a bainar jama'a. Amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani alfahari da ban taɓa jin irinsa ba. Mutanen nan da ake kira 'yan kwafe-kwafe, waɗanda ba su da takardar komai, an gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban wanda suka fi jin kunya a duniya, ba wanda ya zube.

Abin bai zo da sauƙi ba. Lawali ya koma rana a kasuwar Kornaka, da laima ya ƙarasa ranin. Sababbin finafinan da Maigida ke samowa daga Maradi suka daina zuwa mana, muka koma haɗa kuɗi muna aika mutum. Na kira Maigida a waya ya ƙi ɗauka. Da salla na je gaishe shi har gida, ya amsa a taƙaice yana kallon bango, matarsa ce ta riƙa jan hira don kada in ji kunya. Wasu a layi suka fara cewa perezida ya ja mana, kuma ban ga laifinsu ba.

Shi kuwa wasan ya yi ta tafiya. Mutanen Kornaka suna jiran 'yan teburinmu ranar kasuwa, ko su ba direba wayoyinsu a kawo Dakoro a zuba. Daga baya ya ɓulla a wasu wayoyi ta hannun masu wayo, yadda aka faɗa tun farko, amma kafin nan yawancin masu so sun riga sun biya. Agali bai yi arziki ba, kada ku ji an ce. Ya dai sayi karsana ya kora ta har ƙofar ubansa, kuma bai tafi arewa ba. Farashin Burtali bai motsa daga kwanon shinkafa da wake ba.

Ana gab da shuka, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai daga ordinatar na ga Maigida Rabe tsaye a bayan wasu makiyaya biyu da ke jiran a zuba musu waƙoƙi. Tsaye, a layin masu saye. Na zabura zan ba shi kujera, ya ɗaga mini hannu in zauna. Da aka zo kansa ya miƙo salularsa, ba memuwar ba.

"Zuba mani na biyun. Jikokina sun ce akwai rijiya a ciki."

Na zuba, na goge uwar a gabansa yadda doka ta ce. Ya zaro kuɗi. Na ce, "Haba Maigida, ni in karɓi kuɗɗinka? Bar shi, na biya."

Ya ce, "In ka biya mani, ka ɓata abin da ka yi rannan. Karɓi." Na karɓa da hannu biyu, na cire na Agali na sa a gwangwanin da nake tara masa kuɗi, Maigida yana kallo. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Ka ce ma ɗan Buzayen nan ya same ni Kornaka mu yi magana. Kuma ka ce ma Lawali ya dawo inuwa, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya."

Bai ce na yi daidai ba, har yau bai faɗa ba, ni ma ban nema ba. Amma tun daga lokacin shi ne mai sayar da Burtali a Kornaka, kuma 'yan tebur sun ce ya fi kowa tsanani a kai.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Farashin kayan da ake yi a nesa, ban san abin da ke ɗaga shi ko sauke shi ba, ba zan yi muku ƙaryar sani ba. Amma na kusa na gani da idona: duk kopin da ya fita kyauta, wani ne zai biya shi, ko mai saye na gaba, ko wanda ya yi aikin. Sana'armu ta danna maɓalli ce, abin da mutum ya shekara yana yi mu a ƙiftawar ido muke raba shi, shi ya sa ta fi buƙatar mutum mai iya riƙe hannunsa. Yanzu mawaƙan garin nan da masu wasan kwaikwayo suna kawo mana kayansu da kansu su aje su tafi, ba takarda ba shaida. Agali yana ƙauyensu yana aikin kashi na uku, ya ce wannan karon manomi za a buga, makiyaya su ma su ɗanɗana tsaron gona. In ya gama, a hannunku zai aje uwar ya juya baya ya tafi gida.